Akiya: gidajen da aka ƙaurace wa a ƙauyukan Japan

Akiya kalmar Japananci ce mai nufin gidan da ba kowa a ciki. Ƙidayar gwamnatin Japan ta 2023 ta gano irin waɗannan gidaje kimanin miliyan 9, wato kashi 13.8 cikin ɗari na gidajen ƙasar. Haihuwa ta ragu, matasa sun koma Tokyo da Osaka, magada kuma suna gudun haraji da kuɗin gyara.

Ƙananan hukumomi da dama sun buɗe rajistar da ake kira bankin akiya, inda ake tallata gidajen da araha. Doka ba ta hana baƙo mallakar gida ko fili ba, shi ya sa 'yan ƙasashen waje ke sayen tsofaffin gidajen katako na gargajiya, wato kominka. Sai dai mallakar gida ba ta ba mutum izinin zama a ƙasar. Gyaran rufi da ƙarfafa gini saboda girgizar ƙasa, musamman wanda aka gina kafin 1981, kan zarce kuɗin sayen.

A Karofane da sauran garuruwan Adar, masu tafiya biɗa Abijan ko Najeriya sukan bar iyali a gida, su dawo da damina. A ƙauyukan Japan kuwa, magadan sun tafi ke nan.