Bakwaini, Ɗakashi da Hanyar Shika: Abin da ke Huda Hanjin Jariri

Ruɓewar hanjin jarirai cuta ce da ta fi addabar bakwaini, musamman wanda bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Hanjinsa bai ƙosa ba, jini ba ya isarsa sosai, sai ƙwayoyin cuta su ci bangonsa, galibi a ƙarshen ƙaramin hanji da farkon babba. A 1978 Martin Bell da abokan aikinsa a Amurka suka kasa cutar mataki uku. A na uku ne hanjin kan huje, iska da kashi su tsiyaya cikin ciki.

Abubuwan da ke kai jariri wannan matakin sanannu ne: ƙarancin nauyi, shaƙewa lokacin haihuwa, cuta a jini, da faɗuwar ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Sai dai an tattara su ne a inda bakwaini ke kwance cikin kwalba tun ranar haihuwa, likita na auna cikinsa safe da yamma. A ganina, a cikin birnin Zariya abu biyu sun sha gabansu.

Na farko, abin da ya fara shiga baki. Binciken Lucas da Cole na 1990 a Ingila ya nuna bakwainin da aka shayar da madarar gwangwani zalla ya fi mai shan nonon uwa kamuwa, ninki shida zuwa goma. Mu kuwa har yau akwai ɗakin da ake matse ɗakashi a zubar, wai nonon bai gyaru ba, a ɗura wa jariri ruwa ko madara da cokali.

Na biyun ya fi muni: jinkiri. Ciki ya kumbura yana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, jariri ya ƙi kama nono, ga amai kore shar, ga ɗigon jini a tsumma. Kaka ta ce iska ce, a shafa man zafi. Maigida yana kasuwa, mai jego ba ta fita ba izini. Kafin a kai asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, daga can a tura su asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, a haɗa kuɗin hoto da na jini, an kwana biyu. A kwanakin nan ake ci gaba da ba shi abin sha, alhali matakin farko na magani shi ne a dakatar da ciyarwa, a zura roba ta hanci a zuƙe cikin, a sa ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Idan fatar cikin ta riga ta yi ja, sau da yawa sai dai tiyata.