'Yan Taru: Makarantar Matan Sakkwato da Ba Ta da Gini

Idan aka ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, abin da ke fara zuwa a ran mutane shi ne waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba laifi ba ne, sai dai yawan yabon alƙalaminta ya rufe aikin da ya fi shi girma. Mata masu rubutu ba baƙi ba ne a gidan Fodiyawa, 'yan'uwanta Hadiza da Maryam ma sun rubuta. Abin da ba a riga Asma'u yi ba shi ne tsari: wajen ƙarshen shekarun 1830 ta kafa ƙungiyar matan karkara da aka sani da 'Yan Taru, mai shugabanni da lokacin haɗuwa da abin da ake koyarwa. Hujjar cewa ƙarfin yana ga tsarin a fili take. Asma'u ta rasu a 1864, Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, amma a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana binciken rayuwar Asma'u, ta tarar da ayarin 'Yan Taru suna zuwa Hubbaren Shehu kamar yadda kakanninsu suka yi.

Batun ko ya halatta a karantar da mata an gama shi tun kafin jihadi. Lokacin da Malam Mustafa Goni ya soki Shehu kan barin mata su halarci wa'azinsa, Abdullahi Ɗanfodiyo ne ya mayar masa da martani, kuma a cikin Nurul Albab Shehu ya yi tir da malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Fatawa kam akwai ta, hanyar aiwatarwa ce babu. Yaƙin da aka fara a 1804 ya watsa garuruwa, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, aka shigo da ɗimbin mata Gobirawa da sauran waɗanda aka kamo cikin gidajen jama'a da garuruwan ribaɗi irin su Wurno. Da yawansu ba su san farillan alwala ba, abin da suka tashi da shi wajen ciwo da baƙin ciki shi ne bori. Matar aure mai goyo, ga surfe ga daka ga ɗebo ruwa, ba za ta bar gida ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato don ɗaukar karatu ba, mijinta ma ba zai bar ta ba.

Asma'u ba ta yi jayayya da wannan hali ba, sai ta gina makarantarta a kansa. A kowane ƙauye ko gungun ƙauyuka takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa a ka, a naɗe malfar da jan rawani. Jaji ce ke tara ayari, kuma masu tafiyar su ne waɗanda barin gida bai zame musu matsala ba: tsofaffin da suka gama haihuwa da 'yan matan da ba su kai aure ba. Sukan taso da ƙafa, ɗauke da abin sadaka gwargwadon hali, zuma da man shanu da hatsi da zaren da suka kaɗa, suna rera waƙoƙin da aka koya musu har su isa gidan Waziri Giɗaɗo, mijin Asma'u. A can za su zauna gabanta, jaji ta gabatar da tambayoyin da matan ƙauye suka aiko, a gyara musu karatu, a ƙara musu sabo, a raba abin da suka kawo ga marasa lafiya da mabukata. Da sun koma gida sai su bi ɗaki ɗaki suna isar da abin da suka ɗauko ga matan da ke cikin kulle, su kuma ne masu wankan gawa da jinya da sasanta kishiyoyi. Matar da ba ta taɓa ganin Sakkwato ba sai ga karatu ya same ta a bakin murhu.

Akwai masu cewa wannan hadda ce kawai, ba ilimi ba, tunda akasarin matan ba su koyi riƙe alƙalami ba. Gaskiya ne ba a yaye su malaman Risala ko Muhtasar ba. Amma a duba abin da aka zuba cikin waƙoƙin. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a 'yan baitoci, akwai Godaben Gaskiya mai bayanin tauhidi da ibada da makomar lahira, akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka da ta kawo tarihin matan Annabi da waliyyai mata har zuwa na zamanin Shehu, ga Waƙar Gewaye mai ba da labarin hijira da jihadi. Wannan manhaja ce cikakkiya, an kuma yi ta da Hausa duk da cewa Fulatanci ne harshen gidan su Asma'u, domin Hausa ce talakawan ke ji. A zamanin da takarda sai an kawo ta daga ƙetaren Sahara da tsada, waƙa ce littafin da gara ba ta ci, mace na iya bitarsa tana kan dutsen niƙa.

Suka ta biyu ta fi nauyi: cewa 'Yan Taru makami ne na sabuwar daula don tumɓuke bori da sajar da matan waɗanda aka ci da yaƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, bai kamata a ɓoye ba. Malfar da jaji ke sawa tana cikin alamun Inna ta Gobir, shugabar matan sarauta kuma uwar 'yan bori, ba kuma bisa kuskure aka ɗauko ta ba. Littafin Asma'u na Tabshirul Ikhwan, kan neman waraka da ayoyi, kishiyar girka ne kai tsaye. To amma wanda ke son share abu ba ya adana kayan girmansa. Asma'u ta gane cewa matan ƙasar sun saba da shugabar mace da suke kai wa kuka, sai ta bar musu matsayin ta canja abin da yake hidima gare shi. Da tilas ce ke riƙe da ƙungiyar, da ta watse ranar da takobin daula ya faɗi. Kuma marsiyar da Asma'u ta rubuta wa Hauwa'u, wata jaji tata, shaida ce cewa ba a matsayin 'yan aike kawai ta ɗauke su ba, don ba a yi wa ɗan aike waƙar alhini a gidan waziri.

Masu ganin cewa tsarin ya amince da kulle maimakon ya yaƙe shi suna auna ƙarni na 19 ne da mudun yau. Tarihin da ya biyo baya ma bai goyi bayansu ba. Da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, ta sha wuyar samun ɗalibai, sai da sarakuna suka sa baki aka kawo 'ya'yan fadawa da barori, domin tsarin ya nemi a ciro yarinya daga gida a kai ta inda iyaye ba su yarda da shi ba. A daidai wannan lokaci, ba albashi ba baitulmali, ayarin 'Yan Taru na ci gaba da shiga Sakkwato, inda jagorancin ya riga ya wuce daga Asma'u zuwa ƙanwarta Maryam, daga ita kuma zuwa matan zuriyar Shehu da ke zaune kusa da Hubbare, su ne ke karɓar jaji su ɗora mata malfa.