Daga aikin dole zuwa asusun CNSS: tarihin kuɗin da ake cirewa a albashi

Duk ma'aikacin kamfani a Yamai, Maraɗi ko Damagaram da ya duba takardar albashinsa zai ga an cire kaso 5.25 cikin ɗari da sunan CNSS. Ba kowa ne ya san cewa mai kamfani ma yana zuba nasa kason ba, har 16.4 cikin ɗari: 8.4 na kula da iyali, 6.25 na fansho, 1.75 na hatsarin aiki. Ke nan a albashin jikka 100, ana cire wa ma'aikaci CFA 5,250, mai kamfani ya ƙara CFA 16,400 daga aljihunsa. Wannan tsari yana da tarihi, kuma da yajin aiki aka same shi.

Kafin 1946 Faransa na kwasar mutane aikin dole, gina hanyoyi da gidajen gwamnati, ba maganar albashin kirki balle haƙƙin iyali. Dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946 ce ta soke aikin dole. Sai wata tambaya ta taso: ma'aikaci Bafaranshe yana karɓar kuɗin ƴaƴa, me zai hana baƙar fata? Hujjar masu mulki da manyan kamfanoni ita ce, wai ɗan Afirka na da mata da yawa da ƴaƴa barkatai, kuɗin ba za su isa ba.

Ma'aikata ba su yarda ba. Na jirgin ƙasan Afirka ta Yamma sun yi yajin aiki daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948, kuɗin iyali na cikin buƙatunsu. A 1950 dokar Lamine Guèye ta daidaita haƙƙin ma'aikatan gwamnati. Bayan yajin gama-gari na 3 ga Nuwamba 1952, majalisar Faransa ta amince da dokar ƙwadago ta ƙasashen renonta, aka ƙaddamar da ita a Disamba na shekarar. A Nijar, Djibo Bakary na cikin jagororin ƙwadago na wannan zamani. A 1956 aka soma biyan kuɗin iyali ga ma'aikatan kamfanoni, daga wani asusu da masu kamfanoni ke zuba wa kuɗi. Shi ya sa har gobe kason iyali yana wuyan mai kamfani shi kaɗai.

Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa CNSS a 1965, aka haɗa kuɗin iyali da diyyar hatsarin aiki a gida ɗaya. Fansho ya biyo baya a 1967. Shekaru da dama kason fansho bai wuce 4 cikin ɗari ba, 1.6 daga ma'aikaci, 2.4 daga mai kamfani. Lokacin masu aiki suna da yawa, tsofaffin da ake biya kaɗan ne. Da waɗanda aka ɗauka aiki a zamanin uraniyum suka soma ritaya, ga kuma rufe kamfanonin gwamnati a shekarun 1980 da 1990, sai lissafi ya juya. Dole aka ɗaga kason har ya kai 11.5 a yau, aka rage na iyali daga 11 zuwa 8.4.

Saura babban giɓi. An gina tsarin ne domin mai albashin wata, alhali galibin ƴan Nijar manoma ne, makiyaya, ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu. Ko cikin masu albashin, akwai direbobi, masu gadi da yaran shago da iyayen gidansu ba su taɓa rubuta su a CNSS ba. Akwai kuma mai kamfanin da ke cire kuɗin a albashi amma bai kai su asusu ba. Ma'aikaci ba ya ganewa sai ya cika shekara 60, ya je neman fansho, a ce masa watanninsa ba su cika ba.

Don haka, ɗan'uwa ma'aikaci, ka nemi lambarka ta CNSS, ka je ofishinsu ka duba ko ana zuba kuɗinka, tun kana da ƙarfin bin haƙƙinka.