Tsaka mai zanko da akwatin gilashinta

A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya ga tsiro ya fito cikin kwalbar da ya toshe, raɓar jikin gilashin tana gangarowa tana shayar da shi. Daga nan lambun cikin gilashi ya samo asali.

Tsaka mai zanko kuwa, 'yar tsibiran Sabuwar Kaledoniya, wadda ke lasar idonta saboda rashin fatar ido, masana sun bayyana ta a 1866, sai ta ɓace har aka fid da rai. A 1994 aka sake ganinta. Ina jinjina wa masu kiwonta da suka ƙi ajiye ta cikin akwati fayau, suka yi mata irin wannan lambun cikin gilashi: sukan zuba ƙasa da busasshen ganye, su dasa tsirrai, su saki ƙananan ƙwari masu cinye kashinta da fumfuna.