Kuɗin Gyaran Tsofaffin Unguwanni a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da unguwannin da zamani ya bari a baya: lunguna matsattsu, da kududdufai inda aka haƙi ƙasar gini, da gidajen da ba su da hanyar fitar ruwa. Birnin Kudu da Gwaram ba su kuɓuta daga wannan ba. Abin tambaya shi ne, daga ina kuɗin gyara ke fitowa, me kuma ya hana su isa?

Kafin zuwan Turawa, gyaran gari aikin gayya ne. Mai unguwa ya yi shela, samari su fito da fartanya da kwando, masu hali su ba da fura. Bayan an ci Kano a 1903, aka kafa Baitulmali. Dagatai su tara haraji da jangali su kai wa Hakimi, Hakimi ya aika Kano, Gwamnati ta ɗauki kasonta, sauran ya zama na En'e. To, da yake garuruwan nan biyu gundumomi ne na ƙasar Kano, kuɗinsu can suke tafiya, manyan ayyuka kuwa a birni aka fi yin su. Ruwan famfo da lantarki da aka buɗe a Kano a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin En'e aka yi su, watau har da gumin manoman gundumomi.

Hanya ta biyu ita ce gudummawa daga waje. Misalinta sananne a Arewa yana can lardin Zariya. Daga 1937 aka shiga gyaran Anchau saboda ciwon barci, da kuɗin taimako daga Ingila. Aka rage cunkoson tsohon garin, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Amma irin wannan kuɗi wa'adi gare shi, in ya ƙare sai nauyin kula ya koma kan masu gari.

A 1976 aka soke tsarin En'e, aka kawo Ƙananan Hukumomi, a 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talaka ya huta, amma taska ta koma dogara ga kason da ke zuwa daga Gwamnatin Tarayya, wanda man fetur ne ƙashin bayansa. Da aka yanke Jihar Jigawa a 1991, sai Dutse ta zama babban birni, tana bukatar ofisoshi da tituna. Kason Ƙananan Hukumomi kuwa ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye.

Wahalar gyaran tsohuwar unguwa iri uku ce. Na farko, albashi ke cinye mafi yawan kason. Na biyu, ba a buɗe lungu sai an rushe katangar wani, gidan gado kuwa magada da yawa gare shi, kowa sai an biya shi diyya, shi ya sa hukuma ta fi son ta yanka filaye a bayan gari. Na uku, an fi samun kuɗin gina magudana bisa ga na yashe ta. In damina ta yi ƙarfi, kamar ta 2022 da ta rushe gidaje masu yawa a Jigawa, gidajen ƙasa na cikin lungu su ke fara faɗuwa.

Saboda haka ya kamata kowace Ƙaramar Hukuma ta keɓe wani kaso na kuɗin kasuwa da na tasha domin tsofaffin unguwanni kaɗai, a riƙa karanta lissafinsa gaban masu unguwa kowace shekara. In mutane sun ga inda kuɗinsu ya shiga, ba za su ƙi fitowa gayya su ƙarasa sauran ba.