Daga ƙidayar lanho zuwa tambayar salula: me ya sa muke gudun amsawa kan shaye-shayen ɗalibai?



A nan wajenmu, idan baƙo ya shigo gari da takarda da alƙalami yana tambayar mutum nawa ne a gida, amsar farko da yake samu ita ce: "Me za a yi da shi?" Wannan tsoron yana da asali. A zamanin Turawan Faransa, ƙidaya ba ta zuwa sai da lanho a bayanta. Ana ƙirga kawuna don a yanka haraji, ana ƙirga shanu don jangali, ana rubuta majiya ƙarfi don aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Shi ya sa kakanninmu suka iya ɓoye yaro da saniya, wasu ma suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Katsina. A lokacin, ɓoyewa dabarar tsira ce.

Bayan samun 'yanci a 1960, Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012. Ta 2012 ta nuna jihar Maradi tana da mutum sama da miliyan 3. Da irin wannan lissafi ake sanin inda za a gina aji da ɗakin shan magani. Amma tsohon zargin bai bar zukata ba, balle idan tambayar ta taɓo abin kunya irin giya da ƙwaya.

Ita ma giyar, tarihinta a yankin nan tarihin ɓoyo ne. Tun da can Azna suna dafa ta gero da dawa don bukukuwansu. Yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta taƙaita cinikin barasar Turawa a babban ɓangaren Afirka, kuma Ingilishi suka hana shigo da ita Arewacin Najeriya. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Katsina da Kano suka bi a 2000, masu wannan sana'a da dama suka kwaso kayansu zuwa garuruwan kan iyaka, a ɓangarenmu. A watan Nuwamba na 2000 kuma aka ƙona mashaya a birnin Maradi lokacin zanga-zangar adawa da bikin FIMA. Duk da haka abin bai ƙare ba, ɗaki ya shige. Daga baya tramol da maganin tari mai kodin suka biyo hanyar kasuwanci, su ba su da wari, yaro zai sha ya zauna cikin aji malam bai sani ba.

To yara nawa ne abin ya shafa a kwaleji da lise na Madarunfa ko Dan Isa? A majalisa kowa da lissafinsa. Wani ya ce yara sun lalace gaba ɗaya, wani ya ce ai namu ba sa yi. Ba a gina magani a kan "an ce".

Mu duba maƙwabta. A watan Janairun 2019 Najeriya ta fitar da sakamakon babban binciken da hukumar ƙididdigarta ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha ƙwaya ko wiwi cikin shekara guda, ban da giya da taba. Abin da ya fi girgiza mutane: cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Kafin nan da yawa sun ɗauka matsalar samari ce kawai. Da mutane sun ƙi amsawa, wa zai san cewa mata ma suna buƙatar wurin jinya?

Akwai kuma ƙasar Aisilan, can arewacin Turai. A 1998 kashi 42 cikin 100 na yaransu 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu cikin watan da ya wuce. Hukuma ta ci gaba da tambayar ɗalibai a kai a kai ba tare da rubuta suna ba, ana kai wa kowace unguwa sakamakonta, iyaye da malamai su zauna a kansa. Aka ƙara wuraren wasanni, aka hana yara yawon dare. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5.

Yau tambayar ta koma cikin salula. Tsarin U-Report na UNICEF, wanda ya fara a Yuganda a 2011, ya nuna matasa suna iya ba da amsa ta saƙon waya. Wannan hanya tana da sutura: yaron da ba zai iya buɗe baki gaban mahaifinsa ko malaminsa ba, zai iya danna amsa shi kaɗai.

Saboda haka ɗalibai, in irin wannan binciken ya zo daga makarantarku, ko ma'aikatar lafiya, ko jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maradi, ku amsa, kuma ku faɗi gaskiya. Wanda bai taɓa sha ba, amsarsa ta fi kowa muhimmanci, don in masu sha ne kaɗai suka amsa, sakamakon zai shafa wa duka makarantar baƙin fenti. Sai dai a kula: a san wanda ya aiko da tambayar. Binciken gaskiya ba ya neman sunanka, ko kuɗi, ko lambar sirrin asusunka. In an nemi waɗannan, ka rufe.

Iyaye kuma, kada mu hana su. Kakanninmu sun ɓoye yara don kada a kai su aikin dole. Mu in muka ɓoye wannan, yaran ne za su biya.

Ku tura wa malamai da shugabannin fada na unguwarku. Allah ya shirya mana zuriya.