Rowar Maki da Neman Gurbin Karatu: Abin da Ya Faru a Princeton

A shekarar 2004 malaman Jami'ar Princeton da ke Amurka suka amince cewa a kowane sashe kada masu samun A su wuce kashi 35 cikin ɗari a kwasa-kwasan digiri na farko. Hujjarsu mai ƙarfi ce: idan kowa ya ci A, makin ya daina bambanta haziƙi da mai lallaɓawa. Sun yi zaton sauran manyan jami'o'i za su bi sahu. Ba su bi ba. A 2013 ma aka ji daga Harvard cewa makin da aka fi bayarwa a can shi ne A. A 2014 Princeton ta soke dokar.

Abin da wannan maƙala ke cewa shi ne, jami'ar da ta tsananta wajen ba da maki ita kaɗai, ɗalibanta take ɗora wa kuɗin gyaran, domin ba ita ce za ta karanta takardar sakamakonsu ba.

A dubi mai tantancewa a makarantar koyon lauya ko likita. Takardu sun taru a gabansa, lokaci kuma ya ƙure. Ga mai 3.4 daga inda ake rowar maki, ga mai 3.8 daga inda ake rabonsa kamar goron biki. A lokacin dokar, Princeton takan haɗa sakamako da wasiƙar da ke bayyana tsarinta, amma ido lamba yake fara gani, wasiƙa sai in an samu sarari. Binciken da Samuel Swift da Don Moore da abokan aikinsu suka wallafa a 2013 ya nuna abin da ya fi haka muni: ko da an nuna wa ƙwararrun jami'an tantancewa yadda kowace makaranta ke rabon maki, sun fi karkata ga mai babbar lamba. Ga kuma wani dalili na son kai. Mujallar U.S. News tana duba makin ɗaliban da makarantun lauya suka ɗauka wajen jera su, don haka ɗaukar mai 3.4, komai hazaƙarsa, yana ja musu baya.

Adalci ne a faɗi cewa kwamitin da ya sake duba dokar a Princeton bai sami shaidar cewa ta hana ɗalibai gurabe ba. Sai dai sunan Princeton kaɗai laima ne. Ƙaramar jami'a da ba a san ta ba ba ta da wannan inuwar, kuma nan ne batun ya taɓo ɗalibinmu. A jami'o'in Najeriya maki 70 ne A, kuma akwai malaman da ke tinƙaho da cewa da wuya su ba da shi. Wanda ya fito da 3.45 bisa 5 ya faɗa ƙaramin aji na biyu, tallafin karatu irin Chevening kuwa galibi babban aji na biyu yake nema. Babu wanda zai tambayi ko wane malami ne ya duba takardarsa.

Ba sai an saki maki ba kafin a rage wannan cutarwa. Tun 1994 Kwalejin Dartmouth take rubuta matsakaicin makin aji da yawan ɗalibansa kusa da makin ɗalibi, a kan takardar kanta, inda idon mai tantancewa ba zai tsallake ba.